Windows ko Linux: Wane Za a Zuba wa Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa?

Daga ofisoshin magajin gari na Tasawa da Mayahi har zuwa shagunan buga takardu na bakin kasuwa, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zama abokiyar aikin yau da kullum. Galibin waɗannan na'urori na hannu ne, waɗanda ƴan kasuwa ke sarowa daga Maraɗi ko Kano. Sai dai mai saye yakan tsaya wajen ciniki, ya manta da tambayar babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar.

Lamarin kuwa ya wuce wasa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a 2020, da XP a 2014. Manhajar da aka daina gyarawa tamkar rumbu ce marar murfi. A watan Mayu 2017 cutar na'ura mai suna WannaCry ta kulle bayanan asibitoci da dama a Ingila, ta kafar da ba a toshe ba.

To, me zai hana a koma Windows 11? Ita tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4, da ma'ajiya ta giga 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

A nan Linux ke shigowa, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma kwafarta ba laifi ba ne. Nau'inta na Linux Mint yana tashi da giga 2, yana aiki da Faransanci, yana zuwa da LibreOffice domin wasiƙu da lissafi. Rundunar jandarmomin Faransa ta fara komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, tun 2008.

Amma ba kowa za ta yi wa daidai ba. Ma'aikacin da ke amfani da manhajar da aka tsara domin Windows kaɗai, ya tsaya kan Windows ta halal, kuma kada ya sauya kome a na'urar gwamnati sai da iznin magabatansa. Ɗan kasuwar da aikinsa rasit ne da lissafin buhunan wake da gero, Linux ta ishe shi.

Kafin a yanke shawara, a kwashe takardu zuwa wata ma'ajiya, a gwada Linux daga kile USB ba tare da an goge kome ba, a ga ko na'urar buga takardu ta amsa, sannan a tabbatar akwai mai gyaran da ya santa a kusa.