Talotalon Amurka: tsoka tasu, gindi na wasu

Jama'a, duk Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba hotunan talotalon Amurka ke cika mana salula. Ranar godiya ce, wadda shugaba Lincoln ya mayar ta ƙasa a 1863. Washegari sai a yanka ragowar bisa burodi, a kwarara romo mai kauri, a ci da dakakken dankali.

Tsokar ƙirjin ba ta da laifi: garam 100 na ba da furotin wajen garam 29, kitse kaɗan. Romon ne abin dubawa, don da kitsen gashi, fulawa da gishiri ake haɗa shi, alhali OMS ta ce gishirin yini kada ya kai garam 5.

To gindin talotalon, wanda ke da kitse sosai, ina yake zuwa? Ƙasashen talakawa ake tura shi. Gana ta hana shigowa da shi tun 1999, Samowa ma ta taɓa hana shi a 2007.

Mu dai a ganinmu, kafin mu sayi daskararren naman kwali don arha, mu tambayi wane sashe ne. Hawan jini ya fi zabo tsada, wallahi.