Harshe Yana Rayuwa Ne a Bakin Masu Shi

Tsibirin Man wani ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan. Ya yi suna saboda tseren babura da ake yi a kan titunansa tun shekarar 1907. Harshen mutanensa na asali, wato Manks, ya yi ta ja da baya a gaban Ingilishi, har a 1974 Ned Maddrell ya rasu, mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen tun daga tsumman goyo. A 2009 hukumar UNESCO ta sa Manks a jerin matattun harsuna. Sai ga wasiƙu daga yaran wata makarantar firamare da aka buɗe a 2001, inda ake koyar da kowane darasi da Manks, suna ƙaryata hukumar da harshen da aka ce ya mutu. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da mutum 2,000 suna jin sa.

Abin lura shi ne hanyar da aka bi. A 1948 an naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage, daga baya kuma aka riƙa ƙirƙiro kalmomi don abubuwan zamani, domin mai koyo ya iya taɗin mota da hanya da kasuwa. Masana ilimin halittu sun san cewa tsiron da aka busar aka adana a ɗakin bincike ba ya yaɗo. Haka harshen da aka killace a ƙamus.

Irin wannan asara ta taɓa aukuwa a ƙasar nan. Ajanci, wanda aka yi a ƙasar Bauchi, ya ɓace bayan masu shi sun koma Hausa. Ita ma Hausa, duk da yawan masu ita, za ta iya rasa wani fage, wato fagen kimiyya, muddin ɗalibi ya ɗauka cewa ba a lissafi da ita.

Alal misali, malami a Garbadu ko Bakura ko Maradun ba ya bukatar kayan gwaji masu tsada kafin ya koyar da ma'anar gudu. Hirar tashar motar Talata Mafara ta ishe shi. Idan direba ya ce yana ba mota wuta har 100, ma'anarsa kilomita 100 a awa ɗaya, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga akuya a titin Gusau zuwa Sakkwato, ƙwaƙwalwa ta fassara, jijiyoyi su kai saƙo ga ƙafa ta taka birki, an ci daƙiƙa guda ko fiye. Bugu da ƙari, in an ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninkuwa sau huɗu. Ɗalibin da ya fahimci wannan da harshen gida zai kai shi ga yayansa ɗan acaɓa, ya yiwu ya ceci rai.

Wasu za su ce da Ingilishi ake jarrabawa. Gaskiya ne, kuma ba a ce a yar da shi ba. Amma abin da yaro ya gane da harshensa, sauya masa suna ba wuya. Abin da ya haddace bai gane ba, da ya bar ɗakin jarrabawa ya tafi.

Saboda haka ya kamata malamai su ware mintoci kaɗan a kowane darasi, ɗalibai su bayyana abin da suka koya da Hausa, masu jin Fulatanci kuma a ba su dama su yi da nasu. Mutanen Tsibirin Man sai da suka rasa tsofaffinsu suka farga. Mutanen Zamfara kuwa nasu na nan da rai.