Filin Mata: Gwajin Jini Kafin a Yi Miki Aiki

Yau zancenmu na asibiti ne. Idan likita ya ce za a yi wa mace aiki, ko na haihuwa ko na ƙari a ciki, akan ɗebi jininta tukuna a auna. Wata sai ta ji haushi, ta ce ita ba ciwon jini ya kawo ta ba. To, ki saurara ki ji dalili.

Cikin abin da ake nema akwai ƙwayoyin ciwon hanta iri biyu, waɗanda likitoci ke kira B da C. Mugun halinsu shi ne ɓuya. Mutum ya kan yi shekara 20 da su ba zazzaɓi, ba shawara a ido, suna cin hantarsa a hankali har ta ƙandare ko ta kamu da ciwon daji. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da B, wajen 1 cikin 100 kuma da C.

Hanta kuwa ita ke tace magani a jiki, ita ce kuma ke taimakon jini ya daskare idan an yi yanka. Don haka lalle likita ya san halin da take ciki kafin ya ɗauki wuƙa. Sanin nan kuma yana sa ma'aikata su ƙara kiyaye kansu da sauran majinyata.

Ta ina cutar ke shiga? Ta jini ne galibi. Askar wanzami guda a kan yara da yawa wajen kaciya ko cire beli, ƙaho, allurar huda kunne, rezar yanke farce ta gida duka, da ƙarin jinin da ba a auna ba. B kan bi ta kwanciyar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Ƙwayarsa tana iya kwana 7 da rai a kan aska. Amma cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo ta, don haka kada a ƙyamaci kowa.

In an ce an same ki da ita, kada ki firgita, kada kuma ki ɓoye wa maigida. Shi da abokan zamanki da yara su je a auna su. C yana warkewa da ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12. B yana da maganin da ke danne shi, yana kuma da allurar rigakafi, wadda aka sa cikin alluran yaran Nijeriya tun 2004. Jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa, gama jariran da suka kamu wajen 9 cikin 10 sukan zauna da cutar. Kada ki jira ranar suna.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.