Kafin ka kama hayar tsohon gidan mai don kiwo, a gwada maka ruwan



Wanda duk ya nemi fili a Fagge ko Sabon Gari ya san wuri ya yi tsada. Shi ya sa tsohon gidan mai da aka rufe, ko garejin da kanikawa suka tashi, yake jan hankalin mai son fara kiwo: ga katanga, ga daɓen siminti da za a jera tankunan tamfol, ga rijiya ko burtsatse, ga kasuwa a kusa. Ra'ayina shi ne kada ka ba da ko sisi sai an gwada ƙasar da ruwan, kuma gwajin ya shiga cikin ciniki, kamar yadda ake duba takardun fili.

Dalili kuwa, gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake ajiye kayansa. Tankin ƙarfe da ya shekara ashirin a binne yana tsatsa, bututun da ke kai mai famfo yana yoyo ta mahaɗa, ba mai gani. Fetur da gas sun fi ruwa rashin nauyi, sai su gangara su kwanta a saman ruwan ƙasa, daidai inda rijiya take ɗiba. Da damina ruwan ya taso da su, da rani ya sauka ya bar su a jikin ƙasa. Gareji kuma nasa baƙin mai ne da ruwan batir, ga darmar da ke cikin fetur ɗin da, wadda ba ta ruɓewa.

Wani zai ce ai na shinshina, ba wari. Malam, hanci ba ma'auni ba ne. Akwai sinadarin benzin a cikin fetur, mai jawo kansar jini, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Ana wuce wannan iyaka ruwa yana nan garau. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni, an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale ta jihar Ribas da benzin ɗinsu ya ninka iyakar fiye da sau 900, tataccen mai har santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa. Can bututu ne ya yi ɓarnar, ya fi ƙarfin gidan mai ɗaya, amma hanyar da man ya bi ya shiga rijiya ɗaya ce.

Tarwada a cikin ruwan nan take kwana, ta shi take numfashi, kuma mai yana taruwa a kitsenta. Ba dole ta mutu ba. Sai ka ciyar da ita wata huɗu ko biyar, mai gashi ya saya, kwastoma ya ji ɗanɗanon kananzir, shi ke nan ka rasa shi. Kaza kuma ruwan da take sha ya kai ninki biyu na abincinta, idan ta sake ce har ƙasar take tsattsaga.

To wane gwaji? Nan ake yi wa mutane wayo. Takardar da aka saba bayarwa bayan haƙa burtsatse tsami, gishiri da ƙwayoyin cuta take dubawa, ba ruwanta da mai. Ka faɗa musu ƙarara TPH da BTEX kake so, idan gareji ne a ƙara da darma. Ka tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero ko ofishin NESREA su nuna maka inda ake yi. A ɗebi ruwan a kwalbar gilashi, ba jarkar roba ba, a cika ta taf ba iska, a sa a ƙanƙara a kai ranar, domin benzin gudu yake. Ƙasa kuma a haƙa kusa da tanki da wurin famfo, a wuce zurfin gindin tankin. Ta sama-sama ba za ta faɗa maka komai ba. In da hali a maimaita ruwan a watan Agusta.

Kuɗin gwajin, a ganina, mai fili ya kamata ya biya, ko a cire daga kuɗin haya, tunda shi ya ci ribar man. Idan ya ƙi a haƙa, ko ya kasa faɗin ko an tono tankunan, ka nemi wani wurin, ko da sai ka fita wajen Ungogo ko Gezawa.