Faifan Da Muka Fi So Da Kiɗan Da Muka Bari A Gida

Kwanan baya gardama ta kaure a ɗakin kwananmu, tsakaninmu 'yan Batsari da Safana, a kan wane faifan kiɗa ne ya fi shiga ranmu cikin shekaru goman nan na 2010 zuwa 2019. Mun ce faifai ne don bin al'ada kawai, gama babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa riƙe shi a hannu. A katin waya muka same su, wajen masu tura waƙa a bakin kasuwa, ko wajen yayyenmu masu fatauci zuwa Maraɗi. Da ƙura ta lafa sai muka tsaya a kan guda uku, dukkansu kuwa daga Jamhuriyar Nijar suka fito.

Na farko shi ne Agadez, na Omara Moctar wanda ake kira Bombino, da ya fito a 2011. Muna ƙanana a lokacin, ba ma jin yaren Abzinawa ko kalma ɗaya, amma duk wanda ya tashi yana jin gurmi da garaya ba zai ji jitar nan baƙuwa ba. Na biyu shi ne Kaani, na ƙungiyar Tal National ta birnin Yamai, na 1434 bayan Hijira, watau 2013. Waɗannan suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da yaren Abzinawa, kiɗansu kuwa ba ya barin mutum a zaune. Na uku shi ne Ilana, na Mdou Moctar, bahagon makaɗin jita daga yankin Tawa, wanda ya fito a 2019 muna makarantar sakandare. An san cewa jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke.

Abin da ya haɗa faifan nan uku shi ne ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu ne suka fitar da su. Makaɗan ba su jira wani basarake ko ɗan siyasa ya ba su kujerar Makka ko mota kafin su buɗe baki ba. Amma ga abin da ya kamata ya hana mu barci. Faifan Mdou Moctar na farko, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyara murya da mawaƙan finafinan Hausa ke aiki da ita. Daga nan waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Zuwa 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da Afrique Victime. Ashe kayan aikin a gidanmu suke. Mai tattarawa ne ya zo daga nesa.

To, jama'a, mu juyo gida. Shekarun nan goma da muke yabon faifansu, su ne shekarun da dajin Rugu ya fara gagarar manomi da makiyayi. A watan Fabrairu na 2020 aka auka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutane da dama. A Satumba ta 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu biyu. Kowa ya san asarar rayuka da ta dukiya. Akwai kuma wata asara da ba a lissafawa. Garin da ake kwana da ido ɗaya ba a kiɗan dare a dandalinsa. Ƙauyen da ya watse, gayyarsa ta watse, mai gangar noma ya rataye gangarsa. Biki ya koma ɗaurin aure da hantsi, kowa ya kama gabansa tun rana ba ta yi sanyi ba. Mai kalangun da muka sani muna yara, yau yana gudun hijira a birni yana tura baro, ɗansa kuwa bai koyi komai daga hannunsa ba.

Mun san za a ce mana, ana binne mutane wa ke ta kiɗa? Wannan magana tana da nauyi, mu ma 'yan'uwanmu aka binne. Amma a tuna, kiɗan Bahaushe ma'ajiya ce. A bakin makaɗi ake jin wanda ya sari gari, da sunayen sarakunan noma, da shekarar da aka yi yunwa. Marigayi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya rasu tun 1999, amma har gobe ana nazarinsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Dalili kuwa an ɗauki muryarsa a faifai da kaset da gidajen rediyo. Makaɗin Runka ko na Wagini wa ya ɗauki tasa? In ya faɗi, ya tafi da littafinsa a ciki.

Saboda haka muke kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin ƙananan hukumomin nan, da 'yan'uwanmu matasan ma'aikata. Kowannenmu yana da waya a aljihu wadda ta fi na'urar da aka ɗauki Shata da ita a zamanin garmaho. In an tafi hutu, a nemi tsofaffin makaɗa da zabiyoyi inda suke zaune, ba sai an jefa kai cikin haɗari ba, don da yawansu suna Katsina da Dutsinma. A nemi izininsu, a ba su goronsu, a ɗauki waƙa, a rubuta sunan mai ita da garinsa da ranar da aka ɗauka. Kada a bar ta a waya ɗaya, gama waya takan faɗa ruwa ko hannun ɓarawo. A miƙa kwafi ga sashen Hausa na jami'a, a bar wa mai waƙar nasa. In wani amfani ya fito, haƙƙinsa ne.

Ba mu daina son Agadez da Kaani da Ilana ba. Fatanmu dai idan ƙannenmu suka zauna irin wannan gardama nan da shekara goma, a sami faifai ko guda ɗaya na gida da za su sa a cikin lissafi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.