Ƙwallon Amurka a Ƙasashen Waje

Akwai wani wasa da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali galibi da hannu ake yinsa, ƙwallon ma doguwa ce kamar ƙwai. Hukumar NFL mai ƙungiyoyi 32 ita ke shirya babbar gasarsa, kuma ta daɗe tana neman kasuwa a ƙetare. Tun 2007 take kai wasanni birnin Landan. Ta kai Jamus a 2022, Brazil a 2024, Sifen a 2025, filaye kuwa na cika maƙil.

A ganina cikar fili ba ta nuna wasa ya kafu. Mutum ya sayi tikiti sau ɗaya a shekara, ya sha kallo, ya koma gida. A 1991 sun kafa gasa har da ƙungiyoyin Turai, ta yi ta cin kuɗi har aka rufe ta a 2007. Ina jin dalilin bai wuce cewa yaran unguwa ba sa yin wasan ba. Wane uba zai saya wa ɗansa hular kwano da sulken kafaɗa? Tamaula kuwa, ƙullin tsumma da duwatsu huɗu sun ishe mu.

Sansanin neman gwanaye da Osi Umenyiora, ɗan asalin Nijeriya, ya jagoranta a Gana a 2022, samari ƙalilan zai amfana. Akwai irin wasan da ba a kayar da kowa, sai dai a fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo, kuma za a yi shi a Olamfik na 2028. Wannan ya kamata su kawo makarantu irin tamu, tun daga aji ɗaya.