GYARA KAYANKA: Man Goge Mota Mai Aiki Uku, Wanne Za Ka Saya?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga Jos, ya ce ya sayi baƙar mota ta hannu, ajiyarsa ta shekara huɗu ta tafi a kanta. Da sassafe ko da maraice in ka dube ta, sai ka ce jiya ta fito daga kamfani. Amma da rana ta take, sai ya ga jikinta duk ya cika da ƙananan zane masu kewaya, kamar saƙar gizo. Ya je kanti ya tarar da kwalabe iri iri, kowace an rubuta a jikinta cewa ita kaɗai ta isa: ta tsabtace fenti, ta goge shi, ta kuma tsare shi. Ba shi da injin gogewa, sai hannunsa. Tambayarsa ita ce, wanne za ya saya, kuma zanen za ya fita ne da gaske?

Ga amsa a gajarce. Hannu da irin wannan mai za su rage zanen, su ɓoye saura, amma ba za su kawar da shi duka ba. Wanda ya gane wannan tun farko ba za ya ɓata kuɗinsa ba, ba kuwa za ya ɓata fentinsa ba.

MENE NE WANNAN ZANE?

Fentin motocin yanzu hawa uku ne. Akwai na ƙasa wanda ya ke kama ƙarfe, akwai mai launi a tsakiya, sa'an nan a sama akwai wata fata marar launi, garau kamar gilashi. Ita ce ta ke ba mota ƙyalli, ita ce kuma ta ke tsare launin daga zafin rana. Tun wajen shekarun 1980 yawancin kamfanoni su ka koma yin fenti haka. Kaurin wannan fatar sama bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba. Maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Watau takardar rubutu ma ta fi ta kauri, wajen ninki biyu.

Saƙar gizon nan ƙananan ƙarzuwa ce a kan fatar sama. Yawancinsu miƙaƙƙu ne, sun gitta juna ta kowace fuska. Hasken rana ne ya ke sa su zama kamar zobe, gama waɗanda su ka dace da hasken su kaɗai su ke walƙiya a idonka. Baƙar mota da shuɗiya mai duhu su ne su ka fi tona su. Farar mota tana da su ita ma, ido ne ba ya kama su.

Daga ina su ke zuwa? Daga hannunmu. Ƙurar hunturu, wadda iska ta ke kwaso da yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi. Yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa, har gilashi ya kan karce. Duk safiyar da yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar babansa, ya goga yashi ke nan a kan fenti, shi kuwa yana tsammani taimako ya yi.

ABIN DA KE CIKIN KWALBA

Mai irin wannan ya kan haɗa abu huɗu. Na fari, ruwan magani mai narkar da dauɗa da tsohon kaki. Na biyu, gari mai laushi ƙwarai, na farar ƙasa ko na wani ma'adini, wanda ya ke cin fatar sama kaɗan kaɗan har bakin zanen ya dushe. Na uku, maiƙo ko ƙaro mai shiga cikin zanen ya cike shi, kamar yadda a ke cike tsagar bango da yaɓe. Na huɗu, abin tsaro da ya ke zama a sama. Wani kaki ne da a ke samu daga ganyen itacen karnauba na ƙasar Barazil, wani kuwa haɗin kamfani ne, shi ya fi jure zafi.

Bambancin kwalba da kwalba shi ne wanne daga cikin huɗun nan ya fi yawa. Sai ka riƙe wannan: cin fenti yana kawar da zane har abada, amma yana rage kaurin fatar sama, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Cikewa ba ta rage kome, amma in an yi wanki sau da yawa sai ta fita, zanen ya sake bayyana.

MU GWADA SU DA JUNA

Mai cikewa. Misalinsa shi ne Autoglym Super Resin Polish na Ingila. Garinsa mai laushi ne, ƙarfinsa yana wajen cike zane. Domin haka ya yi suna a wurin masu aiki da hannu: shafawa biyu ko uku, baƙar mota ta kan canja ƙwarai a ido. Tsaronsa shi kaɗai ba mai daɗewa ba ne, kamfanin da kansa yana da wani mai dabam da a ke ɗorawa a kai domin ya daɗe.

Mai kaki. Misalinsa Meguiar's Cleaner Wax na Amurka, na kamfanin da ya fara da man goge katako a 1901. Yana da sauƙin shafawa da sauƙin gogewa, yana fid da dushewar sama da tabon ruwa marar zurfi, ya bar santsi da ƙyalli. A kan saƙar gizo aikinsa matsakaici ne. Kaki kuwa ba ya daɗewa a ƙasar zafi. Motar da ta ke kwana a waje ta yini a rana za ta so a sake mata bayan 'yan makonni.

Mai tsabtacewa da tsaro. Misalinsa Klasse All-In-One na Jamus. Wannan da ruwan magani ya ke aikinsa, kusan ba ya cin fenti, sa'an nan ya bar tsaro mai kai watanni. Ga sabuwar mota ko wadda fentinta ya ke lafiya, yana da kyau ainun. Amma wanda saƙar gizo ce damuwarsa, kada ya sa rai da yawa, gama ba domin wannan a ka yi shi ba.

Mai launi. Misalinsa Turtle Wax Color Magic, wanda a ke yi baƙi, ja, fari da sauransu. An sa masa launi domin ya shiga cikin ƙarzuwar da ta yi fari ya dusashe ta. Ya fi amfani a kan mota mai duhu. Ɓoyewa ce kawai, kuma yana rina tsumma da yatsu, sai a sa tsofaffin tufafi.

Akwai kuma waɗanda a kan jera tare da su a kanti, amma ba irinsu ɗaya ba ne, kamar T-Cut na asali da Meguiar's Ultimate Compound. Waɗannan masu cin fenti ne sosai, su ne su ke fid da zane da gaske ko da hannu, amma ba su barin tsaro, dole a bi bayansu da kaki. A kan tsohuwar mota mai fenti hawa ɗaya, irin Peugeot 504 ta dā, za ka ga launin motar ya fito a tsumma. Wannan daidai ne, mataccen fenti ne ya ke fita. Amma in motar zamani ce ka ga launi a tsummanka, tsaya nan da nan. Ko dai an taɓa sake fentin wurin, ko kuwa ka huda fatar sama.

Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskure. Na sami wani mai mai kaushi, na dage a kan wani zane kusa da bakin ƙofa, ina murna yana fita. Ashe a bakin ƙofa da kan tudun jikin mota fenti ya fi siranta. Kafin in farga wurin ya dushe, bayan damina ɗaya ya fara ɓarewa. Kuɗin da na ba mai fenti ya isa sayen man gogewa na shekaru.

TO, WANNE?

Ɗan'uwanmu na Jos, da shi ke motarka baƙa ce, aikin kuma na hannu ne, shawararmu ita ce ka ɗauki mai cikewa, ka ɗora masa abin tsaro a sama. In akwai wuri ɗaya ko biyu da zanen ya yi yawa, ka fara bin wurin da mai cin fenti, sau ɗaya, da hankali. Mai farar mota ko ruwan azurfa, mai kaki ya ishe shi. Mai sabuwar mota ya ɗauki mai tsabtacewa da tsaro.

Ka sani kuma fenti ba ɗaya ba ne. Masu wannan sana'a sun lura cewa na yawancin motocin Japan ya fi laushi, na motocin Jamus ya fi tauri. Mai laushi ya kan amsa aikin hannu, amma yana saurin karcewa. Mai tauri sai ka gaji bai motsa ba.

Kafin ka sayi kome, gwada da farce. Ja farcenka a hankali ka gitta zanen. In ya maƙale, zanen ya yi zurfi, ba man da za ya fid da shi, wannan aikin mai fenti ne. In ya wuce sumul, akwai bege.

YADDA A KE YI

1. Wanke motar sosai, ka tsane ta. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soso ta isa ta ɓata aikin yini.

2. Yi aiki a inuwa, da safe ko da la'asar. Taɓa jikin motar da bayan hannu. In da zafi, jira. A kan ƙarfe mai zafi man ya kan bushe ya maƙale.

3. Manna tef na takarda irin na masu fenti a kan baƙar roba da ke gefen gilashi da bamba. Yawancin waɗannan mayuka su kan bar farin tabo a kan roba, mai wuyar fita.

4. Fara da gwaji. Raba murfin but biyu da tef, ka yi gefe ɗaya kawai, ka cire tef, ka fito da motar rana ko ka haska tocila. Nan za ka ga abin da kuɗinka ya saya.

5. Ɗiga mai kamar ƙwayar gyaɗa uku a kan soso mai laushi. Ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin faifai biyu. Goga gaba da baya, sa'an nan ka gitta, da ƙarfi matsakaici, wajen minti ɗaya ko biyu. Yawan mai ba ya ƙara kome sai wahalar gogewa.

6. Bari ya yi hazo. Ja yatsa a kai. In wurin ya fito garau, ya isa. Goge da tawul mai laushi irin na maikurofaiba, kana juya shi zuwa gefe mai tsabta. In ya faɗi ƙasa, ajiye shi ka ɗauki wani.

Mota guda za ta ci sa'a uku ko huɗu. Ba dole ba ne a gama rana ɗaya. Bonet wannan Asabar, ƙofofi Asabar mai zuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Yara manya suna iya taimaka wa da gogewar ƙarshe in an nuna musu.

In kana so ka san ko zanen ya fita ne ko ya ɓuya, ka lura da wurin gwajin bayan wanki biyar ko shida. Abin da ya dawo, cikewa ce ta rufe shi. Abin da bai dawo ba, ya tafi.

RIGAKAFI

Duk wannan wahala banza ce in an koma ga busasshen tsumma. Kada a share ƙura a bushe; a fara zuba ruwa ya kwashe yashi. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi a sauko ƙasa. Soson tayoyi dabam, na jiki dabam. A guji garin sabulun wankin tufafi, gama yana cire kakin da ka sha wahalar shafawa. In a wurin masu wankin mota ka ke kai ta, tafi da naka soso da tawul, ka roƙe su da ladabi su yi da su. Mai cin fenti kuwa kada ya wuce sau ɗaya a shekara. Rufin motoci da bonet da mu ke gani suna ɓarewa fari fat a kan hanya, fatar sama ce ta ƙare, rana ta cinye ta, yawan gogewa kuwa yana gaggauta wannan.

Kalma ta ƙarshe ga mai saye da mai sayarwa. Mai saye, kada ka duba mota da maraice ko a ƙarƙashin rumfa. Ka ce a fito da ita rana tsaka. Mai sayarwa, gyara kayanka ba laifi ba ne. Amma in mai saye ya tambaye ka halin fentin, faɗa masa an shafa mai cikewa, gama bayan wata ɗaya za ya gani da idonsa, sunanka kuwa ya fi ribar da za ka ci.

A ci gaba da aiko da tambayoyi. Sai mun sadu a wata mai zuwa.